Kafin ka ɗora wa tsohuwar ƙaramar mota turbo

Injin da ya ci kilomita 200,000 ba a ɗora masa turbo, wato na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, da ka. Fara auna matsin kowace silinda. In bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kashi 10 cikin 100, ko motar na shan baƙin mai, a gyara ringi da bawul tukuna, domin turbo ƙara tona asirin lalacewar zai yi.

In injin ya ci wannan gwajin, tsayar da matsin iskar da turbo ke turawa a psi (ma'aunin matsin iska) 5 zuwa 7. Sama da haka, gaskit ɗin kan injin ne yakan fara ƙonewa, fistin ya biyo baya.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen fetur. Iska ta ƙaru, fetur bai ƙaru ba, sai zafi ya yi yawa, injin ya riƙa ƙwanƙwasa har fistin ya narke. Dole ne a sa manyan injekta (masu fesa fetur cikin injin), famfon fetur mai ƙarfi, da na'urar sanyaya iska, sannan a sake saita ƙwaƙwalwar motar ta jinkirta tartsatsin filogi.

Bututun da ke mayar da baƙin mai daga turbo kuwa, ya gangara ƙasa ba lanƙwasa, in ba haka ba hayaƙi za ka gani. Tsohon kuloci ma zamewa zai fara, a canza shi tun farko.