Ranar da na zubar da ruwan teku

Wata na biyu da zuwa Jamus na yi abin da har yau idan na tuna sai na ji kamar in nutse ƙasa. An ce in gyara ɗakin sanyi na ɗakin bincikenmu, inda nake karatun kimiyyar teku. Na tarar da wasu robobi cike da ruwa garai-garai, rubutun jikinsu ya goge da danshi. Ni ɗan Nguru, ruwa ai ruwa ne. Na tuntsurar da uku a magudana, na wanke robobin fes, har ina jiran a yaba min.

Ashe ruwan daga tsakiyar teku aka ɗebo shi, a jirgin ruwa, tafiyar makonni.

Da a gida ne da an yi min faɗa, a zage ni tas, in ba da haƙuri, da la'asar mu ci abinci kwano ɗaya. Nan kuwa shiru. Ɗalibar da ke da ruwan ta dubi robobin, ta dube ni, ta fita. Wannan shirun ya fi mari ciwo. Kwana uku ina cin burodina ni kaɗai a bakin taga, ƙarfe huɗu na yamma gari ya riga ya yi duhu.

A rana ta huɗu malamarmu ta kira ni. Na ce shi ke nan, tikitin Kano ya zo. Sai ta ɗiga ruwan da ya rage a kan 'yar matata, ta sa masa rini, ta kashe fitila, ta ce in leƙa madubin ƙara girma. Wallahi kamar sararin sama a daren hunturu, ɗigo-ɗigo shuɗɗa ba iyaka. Ta ce a mililita ɗaya na ruwan teku akwai bakteriya, ƙananan halittun da ido ba ya gani, wajen miliyan guda. Su na zubar.

Ita ce ta fara ba ni labarin Farooq Azam, masanin ƙananan halittun teku. Haifaffen Lahore ne a Pakistan, ya yi digirin digirgir a tsohuwar Cekoslobakiya, ya zauna a cibiyar binciken teku ta Scripps da ke Kalifoniya. A da, masana sun ɗauka abincin teku layi ɗaya yake bi: ƙananan tsirrai masu yawo a ruwa, sai ƙwarin da ke cin su, sai kifi. A 1974 wani masani, Lawrence Pomeroy, ya ce akwai sauran rina a kaba. A 1983 Azam da Tom Fenchel da wasu mutum huɗu suka fito da bayanin a fili: kaso mai yawa na abin da tsirran nan ke sarrafawa narkewa yake a ruwa, bakteriya su tsotse shi, wasu halittu masu ƙwayar rai ɗaya su cinye bakteriyar, waɗanda suka ɗan fi su girma su cinye su, a haka abin da ake ganin ya ɓata ya dawo cikin abincin teku. Har gobe da wannan ake fara karantar da mu.

Ban ɓoye ba, sunan ne ya fara kama ni. Faruku. Baƙo irina, mai yiwuwa shi ma ya taɓa cin abinci shi kaɗai. Na buga takardar tasu na manna a bangon ɗakina, kusa da jadawalin lokutan salla.

Daren nan na kira Baba. Shekara arba'in yana su, sai na zuba masa labarin bakteriya miliyan cikin ɗan ruwa kaɗan, ina ta kumbura. Ya saurara, ya ce, "To, madalla. Amma ka biya yarinyar ruwanta?" Inna kuma daga bayansa tana tambaya ko kukar da daddawar da ta ƙulla min sun ƙare, wai muryata ta rame.

Sai Baba ya koma kan abin da ke damunsa. Ciyawar kachalla ta toshe hanyar da suke bi da kwalekwale, ƙanena ya ajiye koma ya koma acaba. Ya ce, "Kai da kake karatun ruwa a ƙasar Turawa, babu maganin ciyawar nan a littattafanku?" Na ce, "Baba, namu na ruwan gishiri ne." Ya yi shiru kaɗan, ya ce in gaishe da malamar tawa, cajin wayarsa ya kusa ƙarewa.