Gadar jarida

Yau a aji huɗu, nan Aboabo, na zube kwali, tsinken tsintsiya da tsofaffin jaridu, na ce kowa ya zaɓi abin da zai haɗa gada da shi tsakanin benci biyu, gadar da za ta ɗauki ƙaramar robar ruwan sha na Voltic. Aka yi wawar kwali. Wata yarinya, wadda tun farkon zango ban ji muryarta ba, ta jawo jarida. Har na buɗe baki zan hana ta, Allah ya sa na haɗiye. Ta yi ta ninkewa, gaba da baya, ta ɗora robar, ta zauna daram. "Malama, ai haka kwanon rufinmu yake."

Tun ɗazu nake lissafin sau nawa na zaɓa mata ban tambaye ta ba.