Mai takarda daban, mai ƙirƙira daban

Da aka ba ni aikin ƙirga takardun haƙƙin ƙirƙira da suka fito daga binciken jami'o'i, na ɗauka kwana biyu sun ishe ni. Na shiga PATSTAT, rumbun bayanan ofishin rajistar ƙirƙira na Turai, na tsamo duk takardar da sunan jami'a ya fito a gurbin mai mallaka, na kai wa malamata. Ta tsaya a layin Suwidin, ta ga adadin ɗan kaɗan ne, ta ce, "Yanzu kai ka yarda malaman ƙasar nan barci suke yi?"

Ashe a Suwidin doka ta bar wa malami abin da ya ƙirƙira. Ya ga dama ya yi rajista da sunansa, ya ga dama ya sayar wa kamfani, sunan jami'a ko sau ɗaya ba zai fito ba. Haka Denmak take har 2000, Jamus har 2002. A Amurka kuwa, dokar Bayh-Dole ta 1980 ta ba jami'o'i damar riƙe abin da aka ƙirƙira da kuɗin gwamnatin tarayya, shi ya sa lissafina ya ɗaga ta, ya tauye Turai. Ko can ma sai da lura: takardun Jami'ar Wisconsin da ke Madison suna hannun gidauniyar WARF ne, wadda aka kafa a 1925.

Sai na koma gurbin mai ƙirƙira, ina gwada sunaye da jerin malaman jami'o'i. Ta wannan hanya masanin tattalin arziki Francesco Lissoni da abokan aikinsa suka nuna cewa a Faransa da Italiya da Suwidin, fiye da rabin takardun malamai kamfanoni ne ke riƙe da su.

Nan na sha wuya. Mutum ɗaya ya zo a Müller, ya dawo a Mueller, ya sake zuwa a Muller. Wani lokaci kuma suna ɗaya ne, mutum biyu: malamin kimiyyar sinadarai da injiniyan kamfanin mota. Ka tsaurara sharuɗɗa, ka zubar da na gaskiya. Ka sassauta, ka kwaso baƙi. Dole na riƙa haɗawa da adireshi, da fannin ƙirƙirar, da waɗanda suka yi aikin tare, da shekarun da mutum ya yi a jami'ar. Waɗanda suka gagara, wasiƙa na aika musu ɗaya bayan ɗaya, ina tambaya, "Farfesa, wannan takarda taka ce?"