Bakin da Ya Kasa Ƙarasa Aya

Jiya na miƙa makullin ɗakin editin, inda muke tace fim, bayan shekara 4 a kamfaninmu na shirya fina-finai, amma har yanzu fim ɗinmu na aljanu yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kuɗinmu bai taka kara ya karya ba, kuma ni na matsa a zuba rabinsa a kan kwalliyar aljani da hayaƙi da jan ido na kwamfuta. Ranar da muka haska wa 'yan uwa da abokai, dodon yana fitowa ɗakin ya fashe da dariya. Ban runtsa ba a daren.

Wuri ɗaya kawai aka yi tsit. Malam, jarumin, ya daina tashi sallar asuba tun da aka binne 'yarsa. Da dare ya ji motsi a bayan ƙyaure, ya lalubi carbi, ya fara Ayatul Kursiyyu, sai ta kakare masa a tsakiya. Ya koma farko, ta sake kakarewa. Fitila ɗaya muka kunna, ga buta a kife, ga sallaya a naɗe ta yi ƙura. Wata baiwar Allah a bayana ta ƙarasa masa ayar a hankali, muryarta na rawa. Mai kallo ya san abin da yake kare kansa da shi, don haka idan ya ga abin ya kuɓuce wa wani, tasa garkuwar yake dubawa.

Wasu sun riga mu gane haka. Fim ɗin The Witch na 2015 an yi shi da kimanin dala miliyan 4, kuma firgicinsa yana cikin iyali masu tsananin ibada da suka fara zargin juna bayan jaririnsu ya ɓace. A Indonesiya, a fim ɗin Pengabdi Setan na 1980 malami ne ya kori shaiɗanu, amma da aka sake yin sa a 2017 malamin aka kashe.

Na roƙi furodusa mu rage dodon, mu tsawaita wannan wuri. Ya ce, "Kai da ka cinye mana kuɗi, yanzu kuma za ka koya mana aiki?" Ya yanke shi saura daƙiƙa 20. Da mutane suka yaba, ya ce dabararsa ce.

Masu tasowa, ku kula da sauti kafin hoto, ku nemi malami ya duba duk ayar da za a karanta, ku kuma ajiye kwafin aikinku. Cikakken wurin, minti 3, yana nan a kwamfutata.