Litinin, 1 ga Mayu 2023: Ullmark ko Swayman?

Barci kaɗan na samu, don sai da wasan hokin ƙanƙara na jiya ya ƙare na kwanta, ga kuma aikin safe. A jirgin ƙasa kowa ya yi jugum, har masu rigar Boston Bruins, ƙungiyar garin nan, baƙa da ruwan ɗorawa. Ƙungiyar da ta ci wasa 65 cikin 82, ta tara maki 135, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, ita Florida Panthers ta yi waje da ita tun zagayen farko na neman kofi, inda wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai ke wucewa. Alhali Boston ce ke gaba da wasa 3 da 1, saura ɗaya kacal ta wuce.

Da rana wajen cin abinci gardama ta kaure tsakanina da wani dattijo abokin aikina, haifaffen garin nan, wanda ya tashi da hokin ƙanƙara tun yana yaro. Shi dai a ganinsa koci Jim Montgomery ya yi ganganci da ya ajiye gola Linus Ullmark ya tsayar da Jeremy Swayman a wasa na bakwai. Ya jero mini hujjojinsa da yatsu. Nasara 40 a kakar bana. Cikin duk bugu 100 da aka auno masa yana tare kusan 94. A matsakaici ba a zura masa ko 2 a wasa, 1.89 ne. Har ƙwallo ya ci da kansa a Vancouver a watan Fabrairu, gola guda, daga can bakin ragarsa. Ya ce mutum irin wannan ko da rarrafe yake ai shi za ka tsayar.

Ban musa masa ko ɗaya ba. Amma Jeremy Swayman fa ba ɗan dumama benci ba ne. Yaro ɗan Alaska mai shekara 24, ya ci wasa 24, yana tare 92 cikin 100. A ƙungiyoyi da dama shi ne zai zama na ɗaya ba tare da wata jayayya ba. Ullmark ya fi shi jiki da natsuwa, yana tsayawa inda ya dace ƙwallo ta zo ta same shi. Swayman ya fi zafin nama, kuma ban taɓa ganin cin da aka yi masa ya bi shi zuwa minti na gaba ba. Su biyun tare suka ɗauki kofin Jennings na ragar da aka fi kasa zura wa ƙwallo, kuma duk wanda ya tsare gida, in an ci wasa sai ɗayan ya taso daga benci su buɗe hannu su rungume juna.

Abin da na gaya wa dattijon shi ne, ƙarfin Boston a karɓa-karɓar yake. Ullmark ya buga wasa 49, Swayman 37, ba wanda ya gaji. Da aka shiga neman kofin Stanley, kofin zakarun NHL, sai aka watsar da tsarin, aka ɗora wa Ullmark wasa shida a jere. A na biyar, cikin ƙarin lokaci, ya fita bayan raga ya miƙa wa ɗan Florida ƙwallo, Matthew Tkachuk ya ƙarasa. A na shida aka zura masa 6. Ni a lokacin ya kamata a canja, tun bayan na biyar. Sai da ruwa ya ƙare wa ɗan kada aka ɗauko Swayman, mutumin da ya fi mako biyu bai fara wasa ba, aka ce ya ceci kaka guda a dare ɗaya. Kuma saura ƙiris ya yi: Boston na gaba 3 da 2, saura minti ɗaya Brandon Montour ya farke, Carter Verhaeghe ya rufe zancen a ƙarin lokaci. Florida kuwa tun wasa na huɗu suka ajiye Alex Lyon suka tsayar da Sergei Bobrovsky, ba su jira uwar bari ba.

Dattijo ya girgiza kai, ya ce a hoki ba a raba raga biyu in an zo neman kofi. A haka muka koma bakin aiki.

Bayan magariba ƙanena ya kira daga Kano, bai yi barci ba. Ɗan Arsenal ne, Manchester City ta lallasa su 4 da 1 makon jiya, don haka bai sha wahalar gane halin da garin nan ke ciki ba. Ya tambaye ni wa za a riƙe a cikin biyun. Na ce masa Ullmark na da sauran shekara 2 a kwantiraginsa, dala miliyan 5 duk shekara, na Swayman kuwa bana zai ƙare, kuma ba zai yarda da albashin ɗan benci ba. NHL ta ƙayyade abin da ƙungiya za ta kashe kan albashi, saboda haka ban ga yadda za a daɗe ana biyan su biyun ba. In ni ne, ƙaramin zan riƙe.