Garin da Rana ba ta Faɗuwa: Yadda na Koyar da 'Yan Aji Huɗu

Ranar da na gaya wa 'yan aji huɗu cewa akwai garin da rana ke yin wata biyu ba ta faɗi ba, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, to yaushe suke kwana?" Aji ya kwashe da dariya, amma tambayar nan ita ta riƙe mu mako biyu.

Da allo na fara, na yi ta zane da bayani har makogwarona ya bushe, ba wanda ya kama. Washegari na rufe tagogi, na kunna kwan fitila a tsakiyar aji ya zama rana, na kawo ƙwallon duniya na manna jar takarda a kan garin, wato Tromso, can arewacin ƙasar Norwe. Na ce su lura duniya a karkace take, kusan digiri 23.5.

Nan na yi kuskure. Yaron da ya ɗauki ƙwallon yana zagaya fitilar, sai ya riƙa juya kan ƙwallon yana fuskantar haske, Tromso ta yi shekara cur ba dare. Ban ankara ba sai da muka zagaya sau biyu. Sai na manna tauraro a saman bango, na ce ko'ina aka je, kan ƙwallon nan tauraron zai nuna. Da muka tsaya a wurin watan Yuni muka murza ƙwallon, jar takardar ta ƙi shiga duhu. Muka koma ɗaya gefen, watan Disamba, ta ƙi ganin haske, alhali ƙasan ƙwallon, wato Antatika, yana cikin rana tarwai. Aji ya yi tsit.

Duk da haka wasu sun nace cewa nisa da rana ke kawo sanyi. Na rubuta musu: a farkon Janairu duniya ta fi kusa da rana, kilomita miliyan 147, a Yuli kuwa miliyan 152. Ga shi Janairu ne Tromso ke daskarewa.

Abin da ya fi yi mini daɗi darasin rubutu ne. Kalmar "rana" ta rikita su, don ita ce ta sama, ita ce kuma ta kalanda. Muka zauna muka rarrabe rana da yini da kwana, sannan kowa ya rubuta wasiƙa a matsayin ɗan Tromso. Yawancinsu sun rubuta cewa lokacin sanyi baƙin duhu ne kawai, sai na gyara: daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta fitowa, amma da tsakar rana akan samu haske shuɗi-shuɗi kamar na bayan faɗuwar rana. Suka sake rubutawa.

Yarinyar nan watan Yuni ta zaɓa. Ta rubuta cewa mamarta ta duba agogo, ta ja labule mai kauri, ta ce a kwanta, rana kuwa tana nan a waje.