Tarihin Rayuwata, Kashi na Shida: Tsakanin Sakandare da Magazin

A makon da ya gabata na tsaya ne a kan komawarmu Aboabo, wata unguwa a Kumasi, bayan rasuwar kakata. Yau zan ba da labarin shekarar 1990, wadda a cikinta manyan gidanmu suka zauna a kan makomata, suka kuma yi saɓanin da har yau nake jin irinsa a gidajen Zango da yawa.

Mu ne rukunin farko na sabon tsarin karatu a Ghana. A 1987 gwamnatin soja ta PNDC ta Jerry Rawlings ta soke tsohuwar makarantar midil mai shekara huɗu, ta kawo ƙaramar sakandare mai shekara uku, wadda kowa ke kira JSS a lokacin. A tsohon tsari yaro yana iya shafe shekara 17 kafin ya taka ƙofar jami'a, sabon kuma ya mayar da su 12. Tun farkon shekarun 1970 kwamitin ilimi na Dzobo ya ba da shawarar a haɗa karatun littafi da aikin hannu, domin yaron da bai ci gaba ba ya fita da abin da zai ci abinci da shi. Niyya ce mai kyau, kuma ban taɓa shakkar hakan ba. Sai dai a makarantarmu ɗakin koyon sana'a bai wuce fili da rufin kwano ba, kayan aikin da aka kawo kuwa ba su isa ajinmu ba, saboda haka malaminmu, wanda shi kansa ɗan gajeren horo aka ba shi, yakan zana zarto da guduma a allo, mu kwafa, mu haddace sunayen sassansu. Da muka zauna jarrabawar kammala JSS, wato BECE, ta farko a 1990, na iya bayanin yadda ake haɗa katako biyu a takarda, amma hannuna bai taɓa haɗa su ba.

Sakamakona ya fito tsaka-tsaki. Zan iya samun gurbi a babbar sakandare ta jeka-ka-dawo, kuɗin makaranta da na littattafai ne abin dubawa, domin a lokacin fataucin goron Baba ya ja baya ƙwarai, kuma kokon da Inna ke sayarwa da safe shi ke riƙe da rabin gidan.

Baba ya tsaya a kan sakandare. Shi almajiri ne, ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami da kyau, amma duk tsawon shekarun da ya yi yana loda goro daga Kumasi zuwa Legas, a kowace iyaka sai ya miƙa takardunsa ga wani ya karanta masa, ya sa hannu a kan abin da bai san me ya ƙunsa ba. Wannan ya daɗe yana ci masa rai. Ya kuma ga yadda jinkirin da iyayenmu suka yi wajen kai yara boko, don tsoron makarantun mishan, ya bar Zango ba ta da isassun mutanenta a ofisoshi da asibitoci da kotuna. A ganinsa, ɗan Zango da zai koma gareji yana da damar karatu ya ƙara wa wannan giɓi faɗi ne kawai.

Kawu, ƙanen Inna, ya zo da nasa ganin. Yana cikin 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya da aka koro daga Najeriya a 1983, shekarar fari da gobarar daji da yunwa, kuma ya dawo ba shi da komai sai walda da ya koya a can. Cikin 'yan watanni ya samu rumfa a Suame Magazine, unguwar makanikai da muke kira Magazin, yayin da waɗanda suka dawo tare da shi da takardun shaidar karatu suke ta yawon neman aiki. Hujjarsa mafi ƙarfi kuwa tana zaune a cikin gidanmu: Yayana, wanda ya gama sakandare a tsohon tsari da sakamako mai kyau, ya fito daidai lokacin da gwamnati ke rage ma'aikata a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki, ya zauna ba aiki.

Na ji maganarsu daga bayan labule bayan sallar isha'i. Kawu ya ce, "Alhaji, ka dubi babban yaronka. Takarda tana cikin akwati, shi yana kan benci. Sana'a ta fi dukiyar gado." Baba ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "Ƙanena, ban raina sana'arka ba, da ita ka rufa wa kanka asiri. Amma ranar da aka kawo maka takardar kwangila da Turanci, wa ke karanta maka?" Kawu bai amsa ba, domin ya san Yayana ne ke karanta masa.

Inna ce ta raba gardamar, da rashin kuɗi a bayanta. Aka amince in tafi Magazin da rana, Yayana kuma ya ci gaba da koya mini lissafi da Turanci da dare, bisa sharaɗin Baba cewa ranar da na ajiye littafi, ranar zan bar gareji.

Wanda bai san Kumasi ba zai yi wuya ya fahimci girman Suame Magazine. Unguwa ce guda ta makanikai da masu walda da maƙera da masu zubin ƙarfe da masu sayar da kayan gyara, inda ake kawo motoci daga arewacin Ghana da Burkina Faso da Mali da Kwaddibuwa. Akan shigo da mota a kan janwe, ta fita da ƙafarta. Kawu ya kai ni wurin wani mai gyaran wutar mota, Asante ne, aka biya kuɗin shiga, aka kai lemon kwalba maimakon giyar da wasu ke kaiwa bisa al'ada, ya karɓe ni. Muna kiransa Masta, yana kirana da Twi, harshen Asante, ina amsawa da Twi. Watannin farko ban taɓa waya ba: shara, ɗiban ruwa, wanke sifana, ɗaukar batir daga wannan rumfa zuwa waccan. Na ji zafin hakan a lokacin, amma a cikin wannan kai da kawowa ne idona ya koyi bambanta altaneta mai rai da matacciya, hancina kuma ya koyi warin wayar da ta fara ƙonewa.

Masta gwani ne na gaske. Yakan ji ƙarar kik ɗin Peugeot 504 ko Datsun sau ɗaya ya faɗi inda ciwon yake, ya naɗe kwil da hannu ya yi aiki kamar sabo. Babu wata makarantar da za ta ba ni abin da na samu a gefensa. Amma akwai iyakar da na ga ya tsaya a kanta, kuma na gan ta ne saboda karatun daren da Baba ya tilasta mini. A rumfuna da yawa idan fis ya ƙone, sai yaro ya ɗaura zaren waya a gurbinsa, mota ta tashi, direba ya biya ya tafi, bayan kwanaki a ji wayarin ya kama da wuta a hanyar Tamale. Da Yayana ya buɗe mini littafin kimiyyarsa ya nuna mini dokar Ohm, sai na gane dalilin da ya sa siririyar waya ke zafi idan aka ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta, da dalilin da ya sa babbar mota ke aiki da wuta mai ƙarfin bolt 24 alhali ƙarama na aiki da 12. Masta ya san a yi kaza, a bar kaza, daga dogon gwaji; littafin kuma ya gaya mini me ya sa, kuma wanda ya san dalili yana iya fuskantar motar da bai taɓa gani ba. Ranar da aka kawo wata motar Jamus da taswirar wayarinta a cikin littafi, Masta ya miƙo mini ya ce in karanta masa, muka bi layi ɗaya bayan ɗaya har muka kai ga wurin da ya tsinke. Daga ranar ya daina aike na ɗiban ruwa.

Abin da ya fi damuna a wancan zamani, kuma yake damuna har yanzu, shi ne yadda ake rabon yara. Wanda ya ci jarrabawa da kyau a tura shi sakandare ya karanci kimiyya ko adabi ba tare da ya taɓa riƙe filaya ba. Wanda ya faɗi a ce masa ya tafi ya koyi sana'a, sai ka ce sana'a horo ce ga mai laifi. Sakamakon haka gareji ya rasa masu lissafi, ofis kuma ya cika da masu jiran gurbi. Makarantar fasaha ta Kumasi, KTI, tana nan a lokacin, kuma ita ce ta dace da irina, domin tana haɗa aji da ɗakin aiki, amma babu wanda ya kawo sunanta a zaman gidanmu, don iyayenmu ba su san da wannan hanya ta uku ba. 'Yan'uwanmu mata abin ya fi shafa: ƙanwata an cire ta kafin ta gama JSS aka kai ta ɗinki, ta ƙware sosai, amma har ta buɗe shagonta wani ne ke rubuta mata lissafin kuɗi.

Na san abubuwa sun motsa. A 2016 aka mayar da kwalejin fasaha ta Kumasi jami'ar fasaha, a 2017 aka fara babbar sakandare kyauta har da makarantun fasaha da sana'a, kuɗin da ya hana ni tafiya ba ya hana jikokin Baba. Motocin da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema yanzu kuwa kwamfuta ce ke tafiyar da su, sai an jona na'ura an karanta lambar matsala da Turanci kafin a kwance ko da ƙusa ɗaya, kuma na ga tsofaffin gwanaye da yawa a Magazin suna mayar da irin waɗannan motoci saboda ba wanda ya koya musu karatun. Duk da haka, idan yaron Aboabo ko Asawase ya ci BECE da kyau ya ce makarantar fasaha yake so, har yau akwai mai ce wa uwarsa an yi asarar ƙwaƙwalwa.

A shekarata ta uku a wurin Masta, Yayana, wanda a lokacin ya samu aikin rubuta lissafi a shagon wani mai sayar da kayan gyara, ya shigo gida da fom ɗin jarrabawar sana'a ta NVTI, hukumar da aka kafa tun 1970 don ba masu aikin hannu takardar shaida. Ya ajiye shi a gaban Baba, Baba ya sa aka karanta masa daga farko har ƙarshe, sannan ya tambayi nawa ne kuɗin. Sai dai ana bukatar sa hannun Masta, shi kuwa Masta yana ganin yaron da ya samu takarda ba ya daɗewa a rumfar maigidansa. Yadda Kawu ya je ya same shi, da abin da suka yi yarjejeniya a kai, shi ne zan kawo a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.